Yadda za ka jona had-disk na waje a kwamfutar girke ba tare da ka lalata shi ba

Da rana tsaka wani matashi mai tace bidiyon biki a nan titin Zoo Road na Kano ya faɗo shagona, had-disk a hannu, ko sallamar kirki bai iya yi ba. Ya ce, "Yaya, don Allah taimaka min. Ya mutu, kuma bikin gida uku ne a ciki, ba wanda na ba wa nasa." Na ce ya zauna tukuna. Na zare dogon kebul ɗin da ya zo da shi, na ɗauko gajere, na zagaya bayan kwamfuta na jona. Bai gama shan ruwan da na miƙa masa ba sai ga aikinsa ya fito reras. Had-disk ɗin lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isarsa.

Wani da ya zo bayansa da 'yan makonni, nasa labarin daban ne. Adaftar had-disk ɗinsa ce ta ɓace cikin tarkace, ya ga bakin cajar laftof ya shiga daidai, ya soka. Ƙauri ya ji.

Waɗannan biyun su na fi gani: ɗaya wuta ta yi masa kaɗan, ɗaya ta yi masa yawa. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yadda ake jona had-disk na waje, wanda 'yan kasuwa ke ce wa estanal, ba na fara masa da maganar fomat ko saurin kwafi. Da wuta nake farawa. A garin da za a iya ɗauke wuta sau uku kafin la'asar, a tayar da janareta, a koma kan sola, wanda bai san cimar had-disk ɗinsa ba yana wasa ne da aikin shekaru.

Wanne ne a hannunka?

Iri biyu ne ke yawo a kasuwa. Akwai ƙarami mai inci 2.5, bai wuce tafin hannu ba, irin na cikin laftof ne aka sa masa riga. Akwai babba mai inci 3.5, mai nauyi da kauri, shi kuma irin na cikin kwamfutar girke ne. Kowanne cikinsa akwai faifai da ke juyawa, yawanci sau 5400 ko 7200 a minti guda, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa tana karatu tana rubutu. Tazarar da ke tsakanin allurar da faifan, silin gashi ma ya ninka ta sau dubbai. Injin da ke juya faifan shi ne acici, kuma ya fi jan wuta a daidai lokacin tashi. Duk wanda ya taɓa jin yadda ƙaramin janareta ke nishi idan firji ya tashi ya san abin da nake nufi. Riƙe wannan, don rabin matsalolin daga nan suke fitowa.

Ƙaramin 5V, wato bolt 5, kawai yake buƙata, kuma ita ce wutar da ramin USB ke bayarwa, shi ya sa kebul ɗaya ke kai masa wuta da bayanai a tare. Babban yana son wuta iri biyu: 12V don injin faifai, 5V don allon da ke sarrafa shi. Ramin USB na kwamfutar girke ba ya ba da 12V ɗin nan. Saboda haka ba kebul ɗin da zai tayar da babban had-disk shi kaɗai, komai tsadarsa, dole sai da adaftarsa ta bango. Na sha ganin mutum ya ciro babban had-disk daga tsohuwar kwamfuta, ya sayo ɗan kebul ɗin nan mai kan USB a gefe guda da kan SATA, wato wanda ke shiga jikin had-disk tsirara, a ɗaya gefen, ya jona ya ji shiru, ya ce ai ya lalace. Wancan kebul na ƙanana ne da SSD, wato ma'ajiyar bayanai marar faifai. In babba za ka karanta, nemi mai ramin adafta a jikinsa, ko akwatin sakawa, ko mazaunin nan da ake dasa had-disk a tsaye a cikinsa. Duka suna zuwa da adafta mai 12V.

SSD na waje ba shi da abin da ke juyawa, don haka ba shi da wannan jan wutar na tashi. Tsadarsa ce ta sa masu tara bidiyo har yanzu suke kan had-disk.

Idan ƙarami ne

Zagaya bayan akwatin kwamfutar. Na san ramukan gaba sun fi sauƙin kaiwa, amma daure ka sunkuya. Ramukan baya a jikin babban allon kwamfuta suke, wanda masu gyara ke ce wa madabod, a like kai-tsaye. Na gaba kuwa da wata siririyar waya aka jawo su ta cikin akwati, kuma a kwamfutocin hannu 'yan Beljiyam da muke saye, su suka fi shan wuya: an soka an zare ba iyaka, sun saki, ƙura ta cika su. Filas ba zai damu ba, cimarsa kaɗan ce. Had-disk zai damu.

A bayan ma ba duka ramukan ne ɗaya ba. USB 2.0, wanda ya fito a shekarar 2000, ƙa'idarsa miliamfiya 500 ce, wato rabin amfiya. USB 3.0 na shekarar 2008 yana ba da 900. Ƙaramin had-disk kuwa a lokacin tashi yana iya neman kusan amfiya ɗaya cur. Ka ga a ramin 2.0 a bakin gaɓa yake: wani ya tashi, wani ya kasa, wani ya tashi yau gobe ya ƙi. Leƙa cikin ramin, shuɗin harshe alamar 3.0 ce. Sai dai HP da Dell na ofis da yawa baƙin harshe suke sawa ko a 3.0, su rubuta SS a gefen ramin, don haka haska fitilar waya ka duba da kyau. Bambancin bai tsaya a wuta ba. Bidiyo mai gigabait 100 zai ci maka kusan minti 50 a ramin 2.0, alhali a 3.0 kimanin minti 15 ya ishe shi. A Kano, rabin awar nan da ɗoriya ita ce tsakanin gama kwafi lafiya da ɗauke wuta ana tsaka da shi.

In kwamfutarka ta girmi 2012, mai yiwuwa ba ta da 3.0 ko ɗaya, domin daga wajajen shekarar ne ya zama ruwan dare. Ba sai ka canja kwamfuta ba. Akwai ɗan kati da ake sokawa a ramin PCIe na madabod, ya fito maka da ramuka biyu ko huɗu a baya. Wasu katunan suna da wurin jona wuta daga fawa-fak, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, a tabbata an jona shi, in ba haka ba an koma gidan jiya. In akwatinka siriri ne, nemi kati mai gajeren ƙarfe.

Yi amfani da gajeren kebul ɗin da had-disk ya zo da shi. Ba rowa ce ta sa masu ƙerawa suka gajarta shi ba, wuta tana raguwa ne gwargwadon tsawon waya da sirantarta. Kebul ɗin ƙarin tsawo da ake jawowa zuwa kan tebur, shi ne ya kusa sa matashin nan hawan jini. Haka ɗan mahaɗin nan mai ramuka huɗu wanda ba shi da adafta: wutar rami ɗaya ce yake raba wa huɗu, ga linzami, ga allon rubutu, ga wayar da ake caji. In dole sai da mahaɗi, sayi mai adaftar bango. In kuwa ramukan 2.0 kaɗai gare ka kuma ba halin kati, akwai kebul mai kai biyu da ke jan wuta daga ramuka biyu. Soka kawunan biyu a kwamfuta tukuna, sannan ka jona had-disk.

Yunwar wuta tana da alamu, kuma kunne ya fi ido gano su. Ɗora yatsa a jikinsa ka saurara. Mai lafiya za ka ji ya ɗauki juyi, sautin ya hau ya daidaita. Mai yunwa za ka ji ƙas, ƙas, ƙas, ko ɗan kuka kamar na tsako, ko ya fara juyi ya tsaya ya sake farawa. A kan allo kuma ya bayyana ya ɓace, Windows na ta kiɗan shiga da fita. Da ka ji haka, zare shi, kada ka bar shi yana ta fama. Canja rami, canja kebul, cire sauran kayan USB, gwada a wata kwamfutar. In duk ka yi wannan ƙas-ƙas ɗin bai daina ba, to ba wuta ba ce, ciwon yana ciki, kuma duk jonawar da ka ƙara tana iya ƙara karce faifan. Ajiye shi sai gaban wanda ya iya ceto bayanai.

Bakin kebul ɗin da ke shiga jikin had-disk, faffaɗan nan mai tsaga a tsakiya, ba shi da ƙwari. Kada ka naɗe kebul a jikin had-disk alhali yana soke, kada ka ɗaga shi da kebul. A ƙananan WD irin su My Passport, ramin USB a like yake da allon had-disk ɗin kansa, in ya karye ba zancen fasa riga a sa wata, sai aikin dalma.

Idan babba ne

Nan ne ake asarar da ta fi ciwo, don haka zan ɗan daɗe.

Ɗauki adaftar ka karanta rubutun jikinta. Layi biyu ke da amfani. Na farko wutar da take karɓa daga bango, yawanci 100 zuwa 240V, wanda ya dace da tamu ta Nijeriya mai 230V. Na biyu wutar da take fitarwa: 12V, sai 2A ko 1.5A, wato amfiya 2 ko 1.5. Kusa da su akwai ɗan zane mai da'ira da alamar tarawa da ta ɗebewa, yana nuna cewa tsakiyar bakin shi ne mai alamar tarawa. Duba bayan akwatin had-disk ɗin ma, galibi an rubuta abin da yake so.

Adadin bolt dole ya zama daidai: 12, ba 9 ba, ba 19 ba. Amfiya kuwa tana iya fin abin da aka rubuta, amma kada ta gaza. Adafta mai 12V 3A ba za ta cutar da had-disk mai neman 2A ba, abin da yake buƙata kawai zai ja, kamar mai ɗiban ruwa a babbar randa. Mai 12V 1A, irin ta dikoda ko ta na'urar intanet, ita ce za ta bar shi yana ƙas-ƙas, don a lokacin tashi babban had-disk yana iya jan kusan 2A. Zanen tsakiyar bakin ma dole ya yi daidai da na asali.

Tarkon shi ne baki. Cajar laftof tana fitar da 19V ko kusa da haka, kuma ta Toshiba da ta Asus da yawa bakinsu zagayayye ne mai faɗin milimita 5.5, daidai da ramin had-disk. Yana shiga sumul ba gardama. A shagon da wayoyi suka cakuɗe a ƙarƙashin tebur, ga duhu an ɗauke wuta, ga yaron shago yana sauri, daƙiƙa ɗaya ta isa. Abin da nake yi, kuma nake roƙon kowa ya yi yau ba gobe ba: samo salatif mai launi, naɗa a bakin adaftar had-disk, manna irinsa a gefen ramin, rubuta 12V da maka a jikin adaftar. Ka nuna wa duk wanda ke taɓa teburin.

In ƙaddara ta riga fata an soka ta laftof, zare nan take, kada ka sake gwadawa ko da adaftar gaskiya. A allon had-disk akwai wani ɗan ƙaramin mai gadi, dayod, wanda aikinsa shi ne ya ƙone don sauran su tsira. Sau da yawa shi kaɗai ke mutuwa, faifai da bayanai suna nan. Mai gyaran da ya san aikinsa zai auna shi da mita ya gane. Haka aka yi wa mai cajar laftof ɗin nan da na ambata a farko, aka samu ya tashi, muka kwashe komai zuwa sabo a ranar. Abin da ba na so shi ne a ce za a ciro allon wani had-disk mai kama da shi a ɗaura kawai. Kowane allo yana ɗauke da bayanan saitin faifansa a cikin wani ɗan guntu, in ba a mayar da guntun kan sabon allon ba, ba zai karanta ba.

In adaftar asali ta ɓace za ka sayi wata, je da had-disk ɗin, ka sa a auna sabuwar da mita a gabanka. Wadda ka ɗaga ka ji ta shafal kamar ba komai a ciki, ajiye musu abarsu.

Sai filogi. Soket ɗinmu mai ramuka uku ne masu kusurwa, adaftocin kuwa da yawa da ƙafa biyu suke zuwa, masu faɗi irin na Amurka ko zagayayyu irin na Turai. A estenshan mai araha sai ka ga adafta tana lilo, an taɓa tebur ta yi tartsatsi. Kowane tartsatsi ɗauke wuta ne a wurin had-disk. Nemi mahaɗin filogi mai kamawa gam, ko estenshan mai kyau, ka girgiza da hannu ka tabbata ba ta motsi.

Jonawar kanta ba wuya. Ajiye shi a wuri mai ƙwari da ba ya girgiza. Soka adafta a jikinsa, sannan a soket, kunna makunni in yana da shi, sai ka jona USB a ramin baya. Wasu ba sa fara juyi sai sun ji USB, wannan ba matsala ba ce. Ba shi daƙiƙa goma zuwa ashirin ya daidaita kafin ka fara neman sa a allo.

Ranar da aka ɗauke wuta

Mai laftof yana da batir, in an ɗauke wuta ƙaramin had-disk ɗinsa bai ma sani ba. Kai mai kwamfutar girke ba ka da wannan gatan. Wuta na tafiya komai ya mutu, kuma in ana tsaka da rubutu ne, fayil ɗin da ake kwafa ya lalace, wani lokacin har da taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake. Daga nan ne ake wayar gari Windows na cewa a yi fomat.

Saboda haka a ganina UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ba ado ba ne, yana cikin kuɗin had-disk. Sitabilaiza ba ta maye gurbinsa: tana daidaita wuta in ta yi sama ko ƙasa, amma in an ɗauke ita ma ta tafi. Ga kuskuren da na fi gani har a wurin waɗanda suka sayi UPS: an jona kwamfuta da allo a jikinsa, adaftar babban had-disk kuwa tana can a estenshan na bango. An ɗauke wuta, kwamfuta na nan da ranta tana tura bayanai, wanda ake tura wa ya mutu. Adaftar had-disk, da ta mahaɗin USB in kana da shi, dole su kasance a kan UPS. Ba wani nauyi ba ne, 12V sau 2A wat 24 ne kacal. Duba bayan UPS ɗin kuma, wasu suna da ramukan da ba sa kan batir, kariya daga hawan wuta kawai suke bayarwa.

Ƙaramin UPS mai 650VA mintuna kaɗan zai ba ka. Ba na ci gaba da aiki ba ne, na tsayar da kwafi ne, a fitar da had-disk, a kashe kwamfuta cikin natsuwa. Zafin garin nan yana cin batirinsa da wuri, don haka lokaci-lokaci, sa'ad da ba ka aikin komai kuma had-disk ba ya jone, kashe soket ɗin bango ka ga ko zai riƙe. In kana kan inbata, duba ko tana da saitin UPS, domin a ɗaya saitin takan ɗan yi jinkiri wajen sauyawa, jinkirin da fanka ba za ta ji ba amma kwamfuta za ta iya mutuwa ta tashi. Janareta kuma a bar shi ya daidaita kafin a ɗora masa kaya, kuma kada a fara dogon kwafi alhali an san mai ya kusa ƙarewa. Hawa da saukar da yake yi in zai mutu ya fi ɗauke wuta kai-tsaye illa.

Ya tashi, amma bai fito ba

Buɗe This PC. In ka gan shi, shi ke nan. Kada ka tayar da hankali in na terabait 1 ya nuna gigabait 931, ko na 500 ya nuna 465. Ba a cuce ka ba, masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, Windows da 1024.

In kana jin yana juyi lafiya amma bai fito ba, danna maɓallin dama na linzami a kan Start, zaɓi Disk Management. Nemo shi ta girmansa a jerin ƙasa. In ka ga lafiyarsa ƙalau amma ba shi da harafi irin E ko F, danna dama a kansa, zaɓi Change Drive Letter and Paths, ba shi harafi. In sabo ne fil, ba komai a ciki, zai nemi Initialize Disk: zaɓi GPT, domin tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya haura terabait 2. Daga nan danna dama a kan wurin da aka rubuta Unallocated, bi New Simple Volume har ƙarshe. Kafin ka danna komai, duba girman sau biyu ka tabbata ba wani had-disk ɗin kake taɓawa ba.

Amma in had-disk ne mai kayanka a ciki, ya nuna RAW, ko Unallocated, ko wani akwati ya fito yana cewa sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi, amsarka a'a ce. Rufe akwatin. Kayan galibi suna nan, taswirar ce ta rikice, kuma akwai manhajojin ceto da ke iya kwaso su zuwa wani had-disk daban. Kada ka rubuta komai a kansa kafin nan. Ka kuma tambaya ko a Mac aka tsara shi, don masu tace finafinai da yawa da Mac suke aiki, Windows kuwa ba ya karanta tsarin APFS da HFS+ da kansa.

Wajen fomat na sabo, in a Windows kaɗai zai zauna, tsarin NTFS nake zaɓa. Yana riƙe da ɗan kundin abin da yake shirin rubutawa, wanda ke taimaka masa ya farfaɗo bayan ɗauke wuta. exFAT ba shi da wannan kundin, amfaninsa shi ne Windows da Mac duka suna karantawa suna rubutawa a kai. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, don haka mai bidiyo ya manta da shi.

In yana yankewa bayan ya ɗan zauna ba aiki, shiga Power Options, cikin saitin USB, kashe USB selective suspend.

Wajen saye

Ko a Beirut Road ka je, ko Farm Centre, ko wajen aboki, riga ba ta faɗin abin da ke cikinta. Ana iya sa tsohon had-disk a sabuwar riga. Tafi da manhajar CrystalDiskInfo a filas, kyauta ce, ka roƙi a jona a buɗe a gabanka. Za ta nuna awannin da ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8760 ce, don haka wanda aka ce sabo ne ya nuna awa 20,000 ya yi fiye da shekara biyu yana juyi ba hutu. In ta nuna launin rawaya da kalmar Caution, bar shi komai arha. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya ƙin wannan gwajin, wasu ma su za su fara buɗe maka.

In kuma ka san had-disk ɗin ba inda za shi, kullum a tebur ɗaya yake, tambayi kanka ko ma ya kamata ya zama na waje. Babban had-disk tsirara ana iya ɗaura shi cikin akwatin kwamfuta da kebul biyu: siririn SATA mai fil 7 zuwa madabod, da faffaɗa mai fil 15 daga fawa-fak. Ba adafta, ba lilon filogi, kuma yana kan UPS kai-tsaye. Zare wuta daga bango kafin ka buɗe, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa allo, musamman da hunturu, lokacin da ko mayafi ka ja sai ya yi tartsatsi.

Zama da cirewa

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, shagon kwano kuwa ya fi haka. Yawancin had-disk iyakar da aka yarje musu digiri 55 zuwa 60 ce, kuma CrystalDiskInfo ɗin nan tana nuna zafinsa. In na ga ya doshi 50, dakatar da aiki nake yi ko in juya masa fanka. Kada a ɗora shi a kan UPS ko kan akwatin kwamfuta, kada a jibga biyu ɗaya kan ɗaya. Ƙyallen da muke rufe kaya da shi saboda ƙurar hunturu yana da kyau in an kashe, amma a yaye shi kafin a kunna. Mai tsayuwa a tsaye, in ba shi da gindi mai faɗi, ajiye shi inda gwiwar hannu ko kebul ba za su ture shi ba. Kuma muddin yana juyi, ba a ɗaga shi, ba a matsar da shi, ba a buga teburin. Tuna tazarar allurar nan.

In ka gama, rufe duk abin da ka buɗe daga cikinsa, je ƙasan allo ta dama, danna alamar USB, zaɓi Eject. Jira saƙon ya fito, jira ka ji juyin ya lafa, sannan ka zare USB, daga baya adafta. Gaskiya ne sababbin Windows 10 da 11 an saita su yadda zarewa kai-tsaye ba ta cika ɓarna ba, amma wannan in ba a rubuta komai ne a lokacin, kuma kai ba ka ganin abin da manhajar tace bidiyo ko ta kashe bairos ke yi a ɓoye. In ya ce ana amfani da shi ya ƙi fita, kashe kwamfutar gaba ɗaya sannan ka zare.

Aikin da ba za ka iya sake yi ba, irin bidiyon ɗaurin aure ko kundin digirin ɗalibi, ya zauna a had-disk biyu kafin ka goge katin kyamara. Na biyun kada ya kwana a jone. Kwafa, fitar da shi, sa shi a durowa, in da hali ma a gida ba a shago ba, domin hawan wutar da ya ƙone ɗaya ba zai tsallake na kusa da shi ba. Da damina kuma, da ka ga hadari ya haɗo daga gabas an fara walƙiya, tsayar da aiki, kashe kwamfuta, ka zare filogin UPS ɗin daga bango har sai ruwa ya wuce.